Waƙar Anza da Ba Ta da Suna

Rabi, ke kika tayar da maganar nan, to ke da ƙannenki sai ku ji ta har ƙarshe. Ranar da kika dawo daga Tchaké kin tambaye ni me ya sa tsofaffin can, in an ambace ni, sai su ce Kunnen Soja. Na yi dariya, na ce maki wasan tsofaffi ne. Ba wasa ba ne. Sunan nan ya girme ki nesa ba kusa ba, kuma tunda ke ma yanzu karatun bibliyotek, na kula da ɗakin littattafai, kike yi a jami'a, gara ki ji daga bakina yadda wannan karatun namu ya jawo mani shi.

Ni ba wanda ya koya mani aikin littattafai a lakwal, makarantar boko. Ina ajin ƙarshe babana ya rasu, karatu ya tsaya, Kawu Tanko wan uwata ya ɗauke ni zuwa Tchaké, na yi noma har na zama saurayi. Daga nan ya tura ni Tasawa koyon ɗinki. Ɗinkin nan har yau ban iya shi ba, uwarku shaida ce. Abin da ya hana ni shi ne wani ɗaki a gidan matasa, kusa da babbar hanya, mai larmuwar biyu, wato kabad, cike da littattafai. Rana ce ta koro ni ciki. Na buɗe wani littafi mai hotunan taurari, ban ɗago kai ba sai da aka kira la'asar. Mai kula da ɗakin wani tsohon malamin lakwal ne da ya yi ritaya, Mushe Ilu, siriri, mai tabarau, mabuɗin larmuwar rataye a wuyansa kamar laya. Da ya ga na ƙi daina zuwa sai ya fara nuna mani aikin. Ya ce masana sun raba ilimin duniya duka gida goma, kowane littafi da gidansa, lambarsa a ƙeyarsa, katinsa a cikin akwati. Kai, ranar ban iya cin tuwo ba don murna. A ce duk abin da ɗan Adam ya sani yana da ɗaki, kuma ni Isa, ɗan Tchaké, zan iya sanin ƙofar kowanne. Na haddace lambobin kamar karatun allo. Na koyi ɗinke littafin da ya yage, wannan ɗinkin kam na iya shi, na koyi yaƙi da gara. Har in na je gida sai in tsaya ina gaya wa Iya, kakata uwar Kawu, cewa ƙorai da tukwanenta ba su zauna bisa tsari ba.

"Ji mijin banza," in ji ta. "Bai kawo mani ko zane ba, ya zo zai sa ma ludayina lamba."

Haka muke da ita. Ni ne mijinta, ita ce amaryata mai haƙori uku, duk haɗuwa sai mun taɓa.

Sai fari ya zo, wanda aka yi a zamanin soja. Ku ba ku san irin zaman nan ba. Yunwa daban, tsoro daban, mu kuwa an haɗa mana su. A Tasawa in mutum uku suna zaune wajen mai shayi, na huɗu ya zo da takalmin da ba su sani ba, sai hira ta koma kan hadari. Kowa ya san akwai masu kai rahoto, ba wanda ya san ko su wa ne, don haka kowa yana iya zama shi ne. Soja ne ke rabon jar dawa ta taimako da kamiyo, manyan motocinsu, su ne kuma ke buɗe rumbunan mutane suna neman wanda ya ɓoye hatsi. Gidan da aka samu da abu, a cire shi daga rabo, wani lokaci a tafi da maigidan.

A cikin wannan shekara aka aiko cewa za a yi sitaj, wato ɗan horo, a Maraɗi don masu kula da ɗakunan karatu. Ƙafafun Mushe Ilu sun kumbura, ya ce in je a madadinsa. Na tafi da tunanin za a ƙara mana lambobi, ni kuwa na shirya in ba kowa mamaki. Sai ga wata mace ta shigo aji, Madam Hadiza, ba ta fi ni da shekaru da yawa ba, ta dawo daga karatu a Dakar. Ta saurari kowa ya faɗi aikinsa. Da aka zo kaina na zuba mata gidajen nan goma da rassansu ba numfashi. Ta bari na gama.

"Da kyau. To su wa ke karanta abin da ke cikin larmuwarka?"

Na ce malaman lakwal, da ɗiyan jandarma, da ni.

"Sauran mutanen Tasawa fa? Ba su da abin da suke so su sani?"

Ban taɓa jin tambaya ta shige ni irin wannan ba. Ta ce a makarantar da ta fito an canza karatun. Da can abin da ake koya wa mutum shi ne tsare littafi, yanzu masu bincike sun juya suna tambayar su wa ne mutanen da ke bakin ƙofa, me suke bukata su sani, kuma a hannun wa sanin yake. Ta ce a ƙasa irin tamu yawancin ilimi ba ya cikin takarda, yana cikin bakin tsofaffi, kuma fari yana kwashe tsofaffin. Ta ba kowannenmu manyeto, wato akwatin ɗaukar magana, da kaset da pil, batir ke nan. Kowa ya koma garinsu, ya gano abin da mutane suka fi bukata a wannan shekara, ya nemo wanda ya san shi, ya ɗauko muryarsa. Ƙa'ida ɗaya ce ta nanata har muka haddace: a farkon kowane kaset, suna, gari, kana magana. Wanda aikinsa ya yi kyau za a ba shi takardar shaida, a ɗauke shi aikin gwamnati.

Na dawo Tasawa kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na ajiye manyeto gaban Mushe Ilu ina ta zuba, ina gaya mashi an yi mana sabuwar duniya. Bai taɓa akwatin ba. Ya ɗauki pil guda ya juya shi a hannu.

"Wa ya sayi wannan?"

Na ce ai na sitaj ne.

"Na ji. Sitaj ɗin wa ya ba shi? Isa, shekarar da babu hatsi, wani ya samu abin sayen pil don ya ji me talakawa ke faɗi a bayan gida. Kai ba ka tambaya ba?"

Na ce mashi shi dai yana kishin sabon karatu ne, don an ce larmuwarsa ba ita ce komai ba. Ya ce yana iya zama haka ne. Ya ce amma littafi bai taɓa kai ƙarar wanda ya karanta shi ba. Na ɗauki akwatina na fita ina jin haushinsa, sai dai tambayar ta bi ni har cikin mota.

A Tchaké na tarar da gari ya yi shiru irin wanda ban sani ba. Turmi ba ya ƙara sai jefi-jefi. Kawu ya tarbe ni, muka zauna a zaure, aka kawo akushi ɗaya muka sa hannu tare kamar kullum, ko da yake abin da ke ciki bai kai a kira shi tuwo ba. Da na buɗe manyeto na ɗauki tarin da ya yi na sake sa mashi ya ji, bai yi dariya ba.

"Wannan abin, in ya ji magana, wa yaka gaya ma?"

Na ce ba kowa, ilimi ne za a adana.

"Ina za a aje shi?"

"Maraɗi."

"Maraɗi wurin wa?"

Na ce wurin Madam. Ya ce Madam ɗin matar wa ce, ɗiyar wa ce, wa ke biyan ta. Ban san ko ɗaya ba. Ya ce in rufe shi da bargo in ina cikin gidansa. Na yi yawo da akwatin nan a gari ina tambayar mutane me suke so su sani. Wanda na tambaya sai ya ce lafiya lau, alhamdu lillahi, ba abin da ya dame shi, alhali ana iya ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin riga. Abokan da muka yi kokawa da su suka fara gaishe ni daga nesa.

Amsar ba a bakin kowa na same ta ba, a bakin rijiya na gan ta. Wata Bafillata da ta saba kawo mana nono, shanunsu sun ƙare, tana zaune da ɗiyanta biyu suna ta amai, cikinsu ya ɗaure. Iya ta dube su, ta duba abin da suka amayar, ta ja ni gefe.

"Anza ce. Ba su jiƙa ta ba yadda ya kamata."

Ku ba ku taɓa cin anza ba, Allah kada ya sa ku ci. 'Ya'yan wani ɗan itace ne na daji da ba ya mutuwa ko an shekara ba ruwa. Tana da ɗaci mai cutarwa, amma in an san yadda ake fitar da shi tana riƙe rai. Matan da suka san aikin sosai su ne irin su Iya, waɗanda suka ga yunwa tun suna 'yan mata. Ƙananan mata sun ji ana faɗi ne kawai. Kuma ga inda matsalar take: ba mai tambaya, ba mai koyarwa. A wurinmu cin anza tonon asirin maigida ne, shaida ce cewa rumbunsa ya ƙare. Mace takan yi aikin a bayan ɗaki, ta zubar da ruwan inda maƙwabciya ba za ta ji warinsa ba. Jiƙon yana son a yi ta canza ruwa, yawan zuwa rijiya kuwa shi ma tonon asiri ne, don haka sai a gajarta, ɗiya su sha wahala. Gida kusa da gida kowa yana yi, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa.

Na ji kamar an kunna fitila a kaina. Ga abin da mutane ke bukata, ga wadda ta sani, kuma kakata ce. Na bi ta har madafa ina roƙo. Na ce suna kawai za ta faɗi, da gari, kana ta yi bayani.

"In faɗi sunana cikin akwati, in ce ni uwar Tanko anza nika ci? Kai dai ba ka son aurenmu ya daɗe."

Kawu ya ji mu. Ya kira ni zaure ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ya ce in Iya ta ce muna cin anza, ya gama ɗaga kai a Tchaké. In kuma ta ce ba mu ci, masu saurare za su ce to me suke ci, a zo a duba. Akwai kuwa abin gani. Yana da 'yan dammunan hatsi na iri da ya ɓoye a ɗakin Iya, ƙarƙashin gado, waɗanda ya rantse ko za a mutu ba za a taɓa su ba sai ruwa ya sauka. Duk ta inda maganar ta fita, gidan ne zai ji ciwo.

"In sunan gidan ga ya shiga akwatin ga, Isa, ni da kai sai dai gaisuwa."

Na kwana biyu ina yawo kamar marar lafiya. Iya ce ta samo hanya, ba ni ba. Wata safiya ta aika aka kira mata maƙwabta mata, wai su taya ta daka. Ba wani abin kirki a turmin, ɗan dusa ne. Ta ce in ajiye akwatina bisa katanga in yi nisa, kada in yi tari. Kun san al'adar waƙar daka: abin da mace ta faɗa a bakin turmi ba a kai ta ƙara a kansa, ba a ce ita ta ce. Waƙa ba ta da mai ita. Sai Iya ta ɗaga taɓarya ta fara, matan suna amsawa, da farko da kunya, daga baya da ƙarfi:

Anza ɗiyar daji mai ɗacin rai,
ba a aurenki da gaggawa.
A ɓare ki, a dafa ki da toka,
a zubar, a kawo sabon ruwa.
Gobe a zubar, jibi a zubar,
wadda ta ji kunyar rijiya ta binne ɗa.
Sai harshen uwa ya ce ya yarda,
kana yaro ya sa hannu.

Ta jero aikin duka a ciki, daki-daki, har da yadda ake shanya ta da yadda ake gane wadda ba ta yi ba. Ba wadda ta ce tana ci. Kowace ta koma gida ta san yadda ake yi. Da yamma na ga mata a rijiya sun fi na kullum yawa, ba wadda ta tambayi wata dalili.

Na koma Maraɗi da kaset a aljihun gaba, hannuna a kai. A biro ɗin Madam Hadiza, wato ofishinta, na tarar da wani mutum zaune a gefe, cikin farar riga, ba kakin soja ba, amma takalminsa na soja ne. Ba a gabatar da shi ba. An ce dai daga wajen kumandan mai mulkin yankin yake, yana son a san inda yunwa ta fi tsanani don a kai taimako. Madam ta sa kaset. Ta saurara har ƙarshe ba ta motsa ba, ta mayar ta sake ji. Ta ce a duk abin da aka kawo mata babu kamarsa. Ta jawo kati ta buɗe biki, alƙalamin rubutunta.

"An manta da farkon. Wa ke ba da waƙar?"

Na ce waƙar daka ce, ba ta da mai ita.

"Isa, muryar tsohuwa guda ce ke ja, sauran suna amsawa. Sunanta, da garin."

Mai farar riga yana duban silin kamar ba ya ji. Madam ta ajiye biki ta yi mani magana a hankali, kuma ina so ku ji wannan da kyau, don ba maganar banza ta yi ba. Ta ce shekara da shekaru baƙi suna zuwa suna kwasar sanin tsofaffinmu, su buga littafi da sunansu, tsohuwar da ta faɗa kuwa a rubuta "wata mata". Ta ce sabon karatun an yi shi ne don a daina wannan. Ta ce muryar da ba ta da suna ba wanda zai iya komawa ya tabbatar da ita, ba za ta shiga kowane kundi ba, kuma wannan tsohuwa ta cancanci a san ta. Duk abin da ta faɗa na yarda da shi, har yau na yarda. Amma ina sauraronta ina kallon takalmin nan. Ina tambayar kaina, ita ta san inda katunan nan ke zuwa? Ta sani tana yi, ko ita ma an sa ta gaba ne ba ta sani ba? Ko kuwa mutumin da gaske taimako yake son kaiwa, ni ne Mushe Ilu ya cika wa kai da zato?

"Ba sai ka faɗa cikin manyeto ba," in ji ta. "Gaya mani kawai in rubuta. Takardarka tana nan an riga an buga."

Na gan ta kuwa, a ƙarƙashin hannunta, da sunana a jiki. Ku sani ban taɓa son wani abu a duniya kamar takardar nan ba, har uwarku a lokacin ban san ta ba balle in ce ita. Na ce mata na yi alkawari. Ta ce wa na yi wa. Na ce in na faɗi wannan ai na faɗi sunan ke nan. Mai farar riga ya yi ɗan murmushi, ya tambaye ni ni ɗan ina ne. Na ce Tasawa nake aiki. Ya ce ba aiki ya tambaya ba. Madam ta katse shi, ta fitar da kaset ta tura mani bisa tebur.

"Abin da ba shi da suna ba ya shiga wurina. Ɗauki abinka, ka bar manyeto wajen mai gadi."

Fuskarta a ɗaure. Har yau ban sani ba, korata ta yi ko tsare ni ta yi. Na yi shekaru ina juya wannan. Wata rana in ce ta ga hatsarin ne ta fitar da kaset daga ɗakin kafin mutumin ya nema, wata rana in ce a'a, haushi ne kawai na wadda aka ƙi bin ƙa'idarta. Ba mu sake haɗuwa ba.

Ba a daɗe ba soja suka zo Tchaké. Sun bi gida gida, ba namu kaɗai ba, kuma na ji sun yi haka a garuruwan da ba a taɓa kai manyeto ba. Amma a gidanmu sun shiga ɗakin Iya sun ɗaga gado. Ba su kwashe irin ba, sun dai cire gidan daga rabon dawa, suka tsayar da Kawu a rana gaban jama'a suna yi mashi tambayoyi. Wa ya gaya masu? Wataƙila maƙwabci ne, wataƙila kowane soja ya san tsofaffi ƙarƙashin gado suke ɓoyo, wataƙila mai farar riga ya bincika ya gano garinmu, abin da ba shi da wuya. Ban sani ba. Mutanen Tchaké kuwa ba su sha wahalar tunani ba: yaro ya zo da akwati mai ji, ya tafi, soja sun zo. Daga nan sunan Kunnen Soja ya fito.

Da na samu labari na hau mota na je. Kawu ya amsa gaisuwata. Da aka kawo abinci sai na ga akushi biyu, nashi a gabansa, nawa an ajiye can bakin ƙofar zaure. Na ce Kawu, wallahi ban ba da suna ba, ga shi ma saboda haka an hana ni takarda, an hana ni aiki.

"Haka anka ce maka ka ce?"

Na ce ya je Maraɗi ya tambaya.

"In tambayi wa? Wanda aka biya a ɓoye ai ba a ba shi takarda ya nuna."

Kun ga inda zato yake kai mutum. Abin da na rasa don in tsare gidansa, shi ne ya zama shaidar cewa na sayar da shi. Kuma ban iya jin haushinsa sosai ba, don ni ma haka nake yi wa Madam. Na ci abincina a bakin ƙofa. Iya ta fito tana dogara sanda, ta dube ni, ta dubi ɗanta, ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ni ta sa hannu a akushina, abin da mace ba ta yi a zaure.

"Matsa mani, mijin banza. An aike ka birni ka kawo takarda, ko ita ka kasa. Da ka sayar da ni ai da ka zo da sabuwar riga."

Kawu ya ci gaba da cin abincinsa. Har ya rasu muna gaisawa, ya zo ɗaurin aurena, ke Rabi ya yi maki addu'a ranar sunanki, amma hannuna da nashi ba su sake haɗuwa a akushi ɗaya ba.

Na koma wurin Mushe Ilu. Bai ce ai na gaya maka ba, ya dai karɓi kaset ya juya shi, ya ce wannan a wane gida cikin goman za mu sa shi? Muka yi ta gardama, shi ya ce waƙa ce, ni na ce aikin abinci ne ko magani. A ƙarshe ba mu sa shi a larmuwar ba sam. Ranar kasuwa sai in ari rakodar mai shayi in ajiye a tagar ɗakin karatu in kunna, in koma ciki kamar ba ruwana. Matan ƙauye su rage tafiya, su yi kamar suna gyara kaya a kai, su wuce. Kaset ɗin ya yi ta juyawa har zarensa ya tsinke, na ɗaura, ya sake tsinkewa. Bayan ruwa ya dawo na je garin Kona wani sha'ani, na ji wasu 'yan mata suna daka suna yin ta, sun canza mata kalmomi, sun ƙara wani baiti da ba na Iya ba. Na tambaye su waƙar wa ce. Suka ce ta da ce, tun kakanni.

Aikin gwamnati ban taɓa samu ba. Da Mushe Ilu ya gaza, ni na ci gaba da buɗe ɗakin nan, mabuɗi a wuya, ina ɗinkin da ban iya ba don ku ci. Ke Rabi kin ce mani yanzu an sake canza karatun, ana koya maku cewa sai mai magana ya yarda kafin a rubuta sunansa, in bai yarda ba a ɓoye. Na ji daɗi, na kuma so a ce an kai nan tun a lokacinmu. Amma kada ki raina Madam Hadiza a kan haka. Abin da ta ji tsoro ya faru: waƙar tana nan, mai ita ta ɓace, 'yan matan Kona suna cewa ta kakanni ce.

Yanzu Kawu ya tafi, sojan sun tafi, rumbun da ake tsare wa asiri ko gurbinsa babu. Ba sauran wanda zai ji kunya. Don haka ɗauko abin ɗaukar maganarki na zamani, ko ki buɗe kaye, littafin rubutunki, ki cika katin da na bari ba a cika ba a Maraɗi. Suna, gari, kana magana, haka aka koya mana. Sunanta Habsu ɗiyar Gado. Garinta Tchaké. Maganar kuwa kin riga kin ji ta.